Yadda Ake Daidaita Ruwan Tanki Don Kada Murjani Ya Rasa Launinsa

Mutum zai sayi reshen murjani mai rai, kore shar ko shuɗi mai sheƙi, ya dasa shi a tankin gilashinsa, bayan wata ɗaya ko biyu ya ga ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, ko kuma ya koɗe har ana hango ƙashinsa. Abin da ya saba biyo baya shi ne sayen 'yan kwalaben nan da aka rubuta a jikinsu cewa suna fito da launi. Shawarata ita ce a ajiye su tukuna. Launin murjani lafiyarsa yake bi, lafiyarsa kuma tana ga ruwan da ba ya yawan canzawa. Zai iya sabawa da awon da ya ɗan kauce wa na teku matuƙar awon ya tsaya wuri ɗaya. Abin da ba ya jurewa shi ne yau sama, gobe ƙasa.

Sai an san inda launin yake fitowa sannan gyaran zai yi ma'ana. Murjani tarin ƙananan dabbobi ne da suke gina ƙashi mai tauri a ƙarƙashinsu. A cikin tsokarsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ana kiranta zuzantele, launinta ruwan ƙasa ne mai ɗan ratsin zinariya. Ita ce take amfani da haske ta haɗa abinci, ta ciyar da murjanin da ya ba ta masauki. Kore da ja da shuɗi da shunayya kuwa furotin ne da murjanin yake yi da kansa. Idan zuzantele ta yi yawa sai ta rufe waɗannan launuka, murjani ya yi duhu. Idan ta ragu sosai sai ya koɗe, ya shiga yunwa. Duk aikin da ke tafe ƙoƙari ne na tsayar da ita a tsakani.

Mataki na farko: ruwan da za ka fara da shi

Kada ka haɗa ruwan tanki da ruwan famfo ko na rijiya ko na burtsatse kai tsaye. Ruwan da ya yi kyau a sha yana iya ɗauke da kilorin, da fosfet, da silika, da ɓurɓushin jan ƙarfe daga bututu. Jan ƙarfe guba ne ga murjani ko da kaɗan ne. Abin da ake buƙata shi ne na'urar tace ruwa ta RO/DI, da 'yar na'urar awon TDS da take nuna yawan abin da ya narke a ruwa. Ruwan da ya fito ya nuna sifili. Da zarar ya fara nuna 1 ko 2, lokacin canza matatar ƙarshe ya yi. Ruwan leda bai wadatar ba, domin ba kowane mai yin sa ke tace shi iri ɗaya ba, kuma ba don wannan aiki aka yi shi ba.

Mataki na biyu: gishiri da zafi

Gishirin girki ba ya aiki a nan. Sai gishirin teku da aka haɗa musamman domin murjani, wanda ke ɗauke da kalsiyam da magneziyam da sauran sinadarai. Ana neman kashi 35 cikin 1,000, wanda a ma'aunin nauyin ruwa yake nuna 1.026. Yawancin gishirin kasuwa yana kaiwa nan da giram 38 zuwa 40 a kowace lita, amma kada ka dogara da sikeli kaɗai. Auna da rifiraktomita, wato 'yar na'urar auna gishirin ruwa, kuma ka saita ta da ruwan gwaji na 35 da ake sayarwa, domin ma'aunin da ya kauce zai ɓata maka duk lissafin da ke biye. Sau da yawa mutum zai ga kalsiyam da magneziyam sun sauka tare, ya fara zuba magunguna, alhali gishirin ne kawai ya yi ƙasa.

Wanda ya san Bahar Maliya ta wajen Port Sudan ko Jidda zai iya cewa ai murjanin can yana rayuwa a ruwan da gishirinsa ya kai kusan 40, ga kuma zafi. Haka ne, amma wancan ya saba da wurinsa tun kaka da kakanni. Mafi yawan abin da ake sayarwa a shaguna asalinsa daga Indonesiya ne da Ostireliya, don haka 35 za ka riƙe.

Ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya bin sa. Saboda haka abin da ya ƙafe ana cike shi da ruwan RO/DI zalla, ba ruwan gishiri ba. Yi alama a jikin tanki ka cike kullum, ko ka sa na'urar da ke cikewa da kanta. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa, ƙafewar tana ƙaruwa ƙwarai, kuma a ƙaramin tanki kwana biyu na sakaci ya isa ya ɗaga gishiri.

Zafin ruwa ya zauna a digiri 25 zuwa 26. Ga mai zaune a Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin bazara ke haura 40, wannan shi ne babban yaƙi, kuma na fi son mutum ya warware shi kafin ya sayi ko da reshe ɗaya. A teku ma, idan zafi ya ɗara abin da aka saba gani a lokacin zafi da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, murjani yakan kori zuzantelensa ya yi fari fat, kamar yadda ya faru a babban tudun murjani na Ostireliya a 1998 da 2016 da 2017 da 2024. Fankar da ke hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya zuwa biyu, amma a tsananin zafi sai da na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai iyakwandishan. Sannan ga ɗaukewar wuta. Famfon da ke juya ruwa ya kasance a kan inbata ko sola, domin ruwan da ya tsaya cik iskar shaƙa ce take fara ƙarewa a cikinsa. Ajiye gorunan ruwan RO/DI a firiza, a rufe, domin ka jefa su cikin tanki su sanyaya ruwan ranar da komai ya tsaya.

Mataki na uku: alkaliniti

A nan za mu daɗe, domin a nan aka fi yin asara. Alkaliniti shi ne yawan kabonet da baikabonet da ke cikin ruwa, waɗanda murjani ke haɗawa da kalsiyam ya gina ƙashinsa. Ana auna shi da dKH. Na teku yana wajen 7. A tanki, daga 7 zuwa 11 duk ana iya rayuwa, amma ni na fi son a zaɓi 8 a zauna a kai, domin idan ya ɗan sauka ko ya ɗan hau akwai sauran fili ta kowane ɓangare. Cikin duk sinadaran shi ne ya fi saurin motsi, domin ajiyarsa a ruwa kaɗan ce idan aka kwatanta da yadda ake cin sa.

Fara da sanin abin da tankinka ke ci. Auna yau, kada ka zuba komai, ka sake aunawa gobe a daidai wannan lokaci. A ce yau ka samu 8.0, gobe 7.6. Ke nan tankin yana cin 0.4 a rana. Maimaita sau biyu ko uku ka tabbatar.

Ga lissafin: giram 3 na bekin soda yana ɗaga lita 100 da dKH ɗaya. Idan ruwan tankinka lita 200 ne bayan ka cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye, kana buƙatar giram 2.4 kullum. Narkar da shi a ruwan RO/DI, ka zuba a hankali inda ruwa ke gudu da ƙarfi, kuma ya fi kyau ka raba shi biyu, safe da yamma. Famfon ɗigo da ke zubawa kaɗan-kaɗan cikin yini ya fi hannu, idan da hali.

A kula, bekin soda aka ce, ba bekin foda ba. Na biyun yana da sitaci, kuma galibinsa yana da fosfet. Kanwa ma a bar ta a kicin. Gaskiya ne tana ɗauke da irin wannan sinadari, amma tana tafe da ƙasa da wasu gishirai da ba ka san adadinsu ba.

Shi murjani, duk dKH ɗaya da ya ci yana tafiya da kusan ppm 7 na kalsiyam (ppm ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan). Ana son kalsiyam tsakanin ppm 400 da 450. A misalinmu tankin yana cin kusan ppm 3 a rana, abin da giram 2 na kalsiyam kulorayid mai ɗauke da ruwa kashi biyu zai maye, domin giram 3.7 nasa ne ke ɗaga lita 100 da ppm 10. Wannan tsari na zuba sinadaran daban-daban shi ne tushen hanyar da Bajamushe Hans-Werner Balling ya fito da ita, wadda har yau ake kira da sunansa. Kada ka taɓa haɗa ruwan soda da na kalsiyam a mazubi ɗaya, kada kuma ka zuba su a jere. Za su haɗu su zama farin gari su kwanta, ka yi asarar duka biyun. Bar aƙalla rabin awa a tsakani.

Magneziyam ya tsaya a ppm 1,250 zuwa 1,350. Aikinsa shi ne hana kalsiyam da kabonet daskarewa a jikin famfo da yashi. Idan kana ta zubawa amma awo ya ƙi hawa, kuma kana ganin farin ɓawo a jikin kayan aiki, shi za ka fara dubawa. Giram 8.4 na magneziyam kulorayid mai ruwa kashi shida yana ɗaga lita 100 da ppm 10. Ba ya saurin sauka, awo sau ɗaya ko biyu a wata ya isa.

Idan ka tarar da alkaliniti ya faɗi ƙasa sosai, a ce 6, zuciyarka za ta ce ka maido shi 8 a yau. Kada ka yi. Rabin dKH a rana ya isa. Murjanin da ya jure 6 na mako guda yana iya fara zubar da tsoka saboda hawan da aka yi masa dare ɗaya, musamman masu ƙananan baki irin su Acropora. Haka nan idan awo ya ba ka lamba mai ban tsoro, sake aunawa kafin ka taɓa komai. Sinadaran gwaji suna lalacewa a zafi, kuma sirinjin da bai wanku ba yana yin ƙarya.

Wani wurin da ake tuntuɓe shi ne canjin ruwa. Kashi 10 cikin 100 duk mako ko mako biyu yana da kyau, amma auna sabon ruwan tukuna. Akwai gishirin da ke zuwa da alkaliniti 8, akwai mai zuwa da 12. Idan tankinka yana 8 ka zuba mai 12 da yawa, da hannunka ka jawo girgizar da kake gudu. Zaɓi gishirin da ya yi kusa da awonka, ka bar shi ya juya da famfo har ya narke sarai, zafinsa kuma ya zo daidai da na tanki.

Game da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, daga 7.8 zuwa 8.4 babu damuwa, kuma al'ada ce ya sauka da dare ya hau da rana. Idan ya zauna a ƙasa, yawanci iskar ɗakin ce ta cika da kabon dayoksaid saboda rufe tagogi. Buɗe taga, ko ka jawo bututun iskar sikima, wato na'urar da ke kwashe datti ta hanyar kumfa, daga waje, nesa da hayaƙin janareta. Kada ka bi pH da hodar da ake sayarwa don ɗaga shi, domin alkaliniti take ɗagawa.

Mataki na huɗu: naitiret da fosfet

Waɗannan biyu suna fitowa daga abincin kifi da kashinsa, kuma ga zuzantele su ne taki. Kamar gona ne: taki ya yi yawa ciyawa ta rufe shuka, babu taki kuma shukar ta yi rawaya ta tsumbure. Awon da ya dace da yawancin tankuna shi ne naitiret ppm 2 zuwa 10, fosfet ppm 0.03 zuwa 0.1. Amoniya da naitirayit kuwa sifili ake so, kuma tankin da bai kai nan ba bai isa a sa masa murjani ba.

An daɗe ana koya wa masu kiwo cewa ruwa mai kyau shi ne wanda naitiret da fosfet suka zama sifili. Wannan koyarwa ta kashe murjani da yawa. A teku awon yana da ƙanƙanta, gaskiya ne, amma can igiyar ruwa tana kawo abinci dare da rana. A tanki, sifili yunwa ce. Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila sun nuna cewa murjanin da ya samu naitirojin (sinadarin da ke cikin naitiret) da yawa amma ya rasa fosfet ya fi saurin yin fari idan zafi ko haske ya tsananta. Saboda haka mafi munin hali shi ne naitiret a sama, fosfet a sifili, kuma nan ne mutum ke faɗawa idan ya cika tanki da maganin cire fosfet. Ƙari a kan haka, ruwan da ya zama sifili yakan buɗe ƙofa ga wata yauƙaƙƙiyar gansakuka mai kumfa da ake kira dino, wadda kawar da ita ke cin watanni.

Idan awonka ya yi sama kuma murjani ya yi duhu, bi a hankali. Rage abinci kaɗan, ka tsiyaye ruwan daskararren abinci kafin ka ba kifi, ka wanke auduga ko safar tace ruwa duk kwana biyu zuwa uku, ka tabbatar sikima tana fitar da datti. Za ka iya kiwon ciyawar teku ta Chaetomorpha a ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban, ta riƙa shanye naitiret da fosfet, kana yankewa kana zubarwa. Idan fosfet ya ƙi sauka, sa GFO, wani jan gari mai kama fosfet, amma fara da rubu'in abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Duwatsu suna ajiye fosfet suna sakinsa a hankali, don haka saukar za ta ɗauki makonni. Hakan ma ya fi, domin faɗuwar fosfet farat ɗaya tana koɗar da murjani.

Idan kuwa awo ya nuna sifili kuma launi ya koɗe, cire GFO, ka rage aikin sikima, ka ƙara wa kifi abinci. Sau da yawa ƙarin kifi ɗaya ko biyu ya wadatar. A irin wannan hali kada alkaliniti ya wuce 8, domin haɗuwar alkaliniti mai yawa da ƙarancin abinci ita ce ke sa kan rassan ya yi fari kamar an ƙona shi: ƙashi yana tsiro da sauri, tsoka ta kasa cim masa.

Mataki na biyar: ƙananan sinadarai

Sai yanzu muka zo kan kwalaben nan. Ruwan teku yana da fotasiyam kusan ppm 400, aidin kusan ppm 0.06, da ƙarfe da sauransu 'yan mitsi-mitsi. Idan ɗayansu ya yi ƙaranci launi yana iya raguwa, amma zuba fiye da na teku ba ya ƙara kyau, kuma aidin da ya yi yawa guba ne. Ƙa'idar da nake bi ita ce abin da ba a auna ba, ba a zuba shi. Canjin ruwa a kai a kai yana maye yawancinsu. Wanda yake son tabbaci ya aika samfurin ruwa a yi masa gwajin ICP, wato gwajin ɗakin bincike da ke auna sinadaran ruwa ɗaya bayan ɗaya, irin wanda kamfanonin Jamus kamar Triton da ATI suke yi, sau biyu ko uku a shekara. Babban amfanin gwajin ma shi ne tona gubar da ba ka zata ba, kamar jan ƙarfe daga mahaɗin tagulla ko tsatsa daga maganaɗisun famfon da ya tsage.

Guba tana shigowa ta iska ma. Kada a fesa maganin sauro a ɗakin da tanki yake, a nisanta turaren wuta, a wanke hannu daga mai da sabulu kafin a tsoma shi. Gawayin tacewa na musamman yana taimakawa wajen kwashe irin waɗannan, ana canza shi duk wata. Gawayin girki ba ya wannan aiki. Kai ma ka kare kanka: sa safar hannu da tabarau idan za ka taɓa wani nau'in murjani mai laushi da ake kira Palythoa da danginsa, domin wasunsu suna da guba mai haɗari ga mutum, kuma kada a taɓa tafasa dutsen tanki.

Mataki na shida: rubutu, hoto da haƙuri

Samu littafi. Alkaliniti sau biyu ko uku a mako, kullum ma idan tanki sabo ne ko ka ƙara murjani. Gishiri, kalsiyam, naitiret da fosfet duk mako. Zafi kullum. Rubuta duk abin da ka zuba da ranarsa. Ɗauki hoto duk mako a lokaci ɗaya da haske iri ɗaya, domin shuɗin fitila yana ruɗin ido. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka jira mako biyu zuwa huɗu kafin ka yanke hukunci. Yayin da murjani ke girma cinsa yana ƙaruwa, don haka sake lissafin mataki na uku duk wata.

Haske yana da hannu a launi, musamman shuɗin haske da ke sa murjani ya ƙara yin furotin ɗinsa masu sheƙi. Amma ƙara haske a kan ruwan da bai daidaita ba ƙara wahala ne. Sabon murjani a fara ajiye shi a ƙasa, a riƙa ɗaga shi a hankali cikin makonni.

Akwai alama guda da ke yaudarar mutane. Wani lokaci murjanin da ya rasa zuzantelensa yakan yi wani irin sheƙi mai ɗaukar ido, ruwan hoda ko shuɗi ko rawaya, fiye da yadda aka saba ganinsa. An ga haka a tekun New Caledonia a 2016. Kariya ce yake yi wa kansa daga haske, ba lafiya ba ce. Idan launi ya tashi haka cikin 'yan kwanaki kuma tsokar ta yi shara-shara, duba zafi da fosfet nan take.

Murjanin da ya yi fari bai zama lallai ya mutu ba. Duba da kyau: idan akwai siririyar tsoka a kan ƙashi kuma bakunansa suna buɗewa da dare, yana da rai. Mayar da shi wuri mai ƙarancin haske inda ruwa ke kaɗawa a hankali, ka tabbatar naitiret da fosfet ba sifili ba ne, ka riƙa ba shi abincin murjani mai laushi sau biyu ko uku a mako bayan an kashe fitila. Zai fara komawa ruwan ƙasa, kuma wannan alama ce mai kyau, domin zuzantele ce ke dawowa. Launinsa na asali yana iya ɗaukar wata biyu zuwa shida. Idan kuwa tsokar tana saɓulewa daga gindi tana hawa sama, yanke reshen da ke da lafiya ɗan nesa da inda ciwon ya kai, ka manna shi a wani dutse daban, ka fitar da ragowar daga tankin.